Masu Tafiya Neman Duhu

Na gode muku da kuka taru, ko da ya ke na san da yawa daga cikinku yanzu kuka taso daga gona ko kasuwa, gajiya ba ta sake ku ba tukuna.

Abin da za mu yi magana a kansa yau labarin waɗansu mutane ne na Amurka da Turai, waɗanda kan bar gidajensu masu lantarki, su shiga mota su yi tafiyar yini guda ko biyu, su biya kuɗi, su kafa tanti cikin daji. Ba farauta ta kai su ba, ba kuwa fatauci ba. Duhu su ke nema, don su ɗaga kai su dubi taurari. Na ga waɗansunku sun fara murmushi. To, ku saurara tukuna, gama mutanen nan hankalinsu ɗaya.

Ran 17 ga watan Janairu 1994, da asuba wajen ƙarfe huɗu da rabi, aka yi girgizar ƙasa a Los Anjelis, wani babban birni na yammacin Amurka. Wutar lantarki ta ɗauke, mutane suka fito waje a firgice. Da suka ɗaga kai sai suka ga sama ta cika da taurari maƙil, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba tun da aka haife su. Shugaban gidan duban taurari na Griffith, wanda ke bisa wani tudu a birnin, ya ba da labari cewa daga baya mutane sun yi ta buga musu waya suna tambaya, wai me ya sami sama a daren nan? Ko girgizar ce ta jawo haka? Alhali kuwa ba abin da ya sami sama. Fitilu ne kurum suka mutu.

Ga yadda fitila kan ɓoye taurari. Ku tuna da mota in ta taho da dare lokacin hunturu, tun ba ku ga motar ba ku kan ga ƙura ta yi haske a gabanta. Haka ya ke ga birni. Hasken fitilun da ya tashi sama ya kan bugi ƙura da tururin ruwa da iskar kanta, ya watsu, sashinsa ya komo ƙasa. Sai sararin sama ya yi fari-fari, ƙananan taurari su nutse a ciki, kamar yadda ba a jin raɗa a tsakiyar kasuwa. Hasken nan ba ya tsayawa a bakin gari. Wanda ke cikin hamadar da a ke kira Death Valley ya kan hangi hasken birnin Las Vegas ya yi tozo a gefen sama, tsakaninsu kuwa kusan mil 100 ne.

A wurin da duhu ya cika, mai lafiyar ido ya kan ga taurari wajen 2,500 a lokaci guda. A tsakiyar babban birni da ƙyar ya ƙirga hamsin. Abin da ke fara ɓacewa shi ne farin zanen nan mai kama da hayaƙi, wanda ya ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan. Larabawa suna kiransa Majarra, waɗansunsu kuma su ce hanyar masu dakon ciyawa, wai kamar ciyawar da ta zuba daga kayansu. Turawa kuma hanyar madara su ke ce masa. A shekarar 1610 wani masani mutumin Italiya, sunansa Galileo, ya ba da labarin abin da ya gani da ya dube shi da madubin hangen nesa: ashe ba hayaƙi ba ne, taurari ne jingim, nisa ya sa haskensu ya gauraya. Yanzu an san ba su kasa miliyan 100,000 ba, miliyan kuwa dubu sau dubu ke nan. Rana tamu ɗaya ce daga cikinsu.

A shekarar 2016 wani masani na Italiya, Fabio Falchi, shi da abokan aikinsa suka fid da taswirar hasken dare ta duniya duka. Suka sami kashi ɗaya cikin uku na 'yan'adam ba su iya ganin Majarra daga inda su ke zaune. A Turai mutum 60 cikin 100 ba su ganinta, a Amurka ta Arewa kusan 80 cikin 100. Sa'an nan a 2023 aka buga wani bincike wanda Christopher Kyba ya shugabanta daga Jamus. An tattara ƙirgen taurari fiye da 50,000 da mutane suka yi da idonsu tsakanin 2011 da 2022, aka ga hasken sama yana ƙaruwa kusan kashi 10 cikin 100 ko wace shekara. Suka yi misali, suka ce yaron da aka haifa inda a ke ganin taurari 250, ran da ya cika shekara 18 guda 100 kaɗai za su rage masa. Wannan lissafi shi ya fi tsaya mini a rai, domin abu ne mai tafiya sannu sannu, uba ba ya lura, ɗa kuwa bai san an yi ba.

Masu duban taurari su suka fara kuka. Garin Flagstaff na jihar Arizona, inda aka gano Pluto a 1930, ya kafa doka tun 1958 ta hana manyan fitilun talla masu haska sama. A 1988 mutum biyu, David Crawford masanin taurari da Tim Hunter likita, suka kafa ƙungiyar kare duhun dare a Tucson cikin jihar nan, yanzu sunanta DarkSky International. Aikinta shi ne ta auna duhun wuri, ta duba fitilunsa, in ya cancanta ta ba shi shaida.

Gandun dajin da ya fara samun shaidar nan, a shekarar 2007, shi ne Natural Bridges a kudu maso gabashin jihar Yuta. Ma'anar sunan, gadojin da ba hannun mutum ne ya gina su ba. Ƙasar duwatsu ce mai tsawo, ƙafa 6,500 bisa teku, ruwan sama kaɗan ne, iska busasshiya. Rafuffuka sun daɗe suna cin dutsen yashi a inda su ke yin kwana, har suka huda shi suka bi ta ƙarƙashi, suka bar gadoji uku a tsaye. An sa musu sunaye da harshen Hopi, wata kabila ta mutanen ƙasar na asali: Sipapu, da Kachina, da Owachomo. Sipapu ita ce babba, tsayinta ƙafa 220. Owachomo tsayinta ƙafa 106, amma kaurin dutsen a tsakiya ƙafa 9 ne kacal, sai ka ce igiya aka miƙa. A ƙarƙashinta mutane su kan zauna da dare, su ga Majarra ta taso ta bayan gadar. Gwamnatin Amurka ta keɓe wurin tun 1908, zamanin Shugaba Theodore Roosevelt, don gadojin, ba wanda ya yi zancen duhu a lokacin, gama duhu bai yi tsada ba tukuna.

Garin da ya fi kusa, Blanding, yana wajen mil 40 a mota, mutanensa ba su kai 4,000 ba. Waya ba ta kai lantarki gandun ba, da hasken rana su ke samun wuta tun 1980. Zangon baƙi kuwa ɗan ƙarami ne, gurbin tanti 13 ne duka duka. Duk da haka kada ku ce nisa kaɗai ya ba su shaidar. Ma'aikatan gandun sun bi fitilun waje ɗaya ɗaya, suka sa wa yawancinsu hula don hasken ya sauka ƙasa inda ƙafa ke takawa, suka sauya manyan ƙwayaye da ƙanana. Akwai wani ma'auni da John Bortle ya tsara a 2001, mai daraja tara, ta ɗaya duhu tsantsa, ta tara tsakiyar birni. Natural Bridges tana kan ta biyu.

Wani gandu kuma, Cherry Springs a jihar Fensilbaniya, ya sami tasa shaidar a 2008. Shi ɗan fili ne bisa tudu a tsakiyar kurmi, amma yana kusa da gabashin ƙasar inda birane suka yi yawa, don haka a kan cika shi. Dokokin filin kwana na masu duban taurari a can sun isa a ji su. In rana ta faɗi a kan rufe ƙofa, mota ba ta shiga ba ta fita, don kada fitilarta ta haske mutane. Ba a hura wuta a filin. Ba a kunna farar tocila, sai ja. Wanda ya buɗe ƙofar motarsa fitilar ciki ta kama, zai ji gunaguni daga ko wane gefe. A daren da sama ta yi garau a wurin nan, hasken Majarra kaɗai ya kan sa mutum ya ga inuwarsa a ƙasa.

Me ya sa su ke tsanantawa haka a kan 'yar tocila? Dalilin yana cikin idonku. In mutum ya shiga duhu, baƙin nan na tsakiyar ido ya kan buɗe nan da nan, kamar yadda ku ke gani a idon kyanwa. Amma wannan ƙaramin aiki ne. A can bayan ido akwai wata 'yar fata mai karɓar haske, tana da ƙananan ma'aikata iri biyu. Iri ɗaya na rana ne, su ke rarrabe launi. Ɗaya irin na dare ne, aikinsu ya dogara ga wani sinadari wanda haske mai ƙarfi kan ƙone shi, duhu kuma ya sa ya sake taruwa sannu a hankali. Taruwar nan ta kan ci minti 20 zuwa 30, har fiye. Farin haske na daƙiƙa kaɗan ya isa ya rushe abin da aka tara, a koma farko. Jan haske mara ƙarfi bai cika taɓa ma'aikatan daren ba, shi ya sa aka yarda da shi. Wayar hannu kuwa ita ce babbar mai ɓarna, ku bar ta cikin aljihu.

Sinadarin nan jiki yana yinsa da bitamin A, wanda a ke samu cikin hanta da manja da karas da ganyaye. In ya yi ƙaranci a jiki sai mutum ya kasa gani da magariba, watau dundumi ke nan. Tsofaffin da kan ba mai dundumi hanta sun yi daidai, ko da ba su san sunan abin da ke cikinta ba.

Abu biyu kuma sun biyo bayan wannan. Na farko, ma'aikatan dare ba su san launi ba. Saboda haka kada wanda ya ga hoton Majarra mai ja da shuɗi ya zaci haka ido zai gan ta, fari-fari za ta bayyana, kamar gari ya zuba a baƙin zane. Na biyu, tsakiyar fatar nan ba ta da ma'aikatan dare, a gefe su ke. In kana neman abu mai raunin haske, kada ka ƙura masa ido, ka dubi ɗan gefensa, sai ka ga ya fito.

Ku gwada wannan dabara a tsakiyar watan Nuwamba, wajen ƙarfe tara na dare. Ku fuskanci arewa, za ku ga taurari biyar sun yi siffar harafin M, wanda kuka koya a allon nan. Ku miƙa hannu ku dunƙule shi, ku auna dunƙule ɗaya da rabi daga ƙololuwar M ta hagu zuwa sama. Nan akwai wani ɗan tabo kamar an shafa alli da yatsa. Sunansa Andromeda, taron taurari ne irin Majarra, mai zaman kansa. Haske yana gudun mil 186,000 cikin daƙiƙa guda, daga rana zuwa nan minti takwas ya kan yi. Daga tabon nan kuwa shekara miliyan biyu da rabi ya yi a hanya kafin ya shiga idonku. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, maƙwabciya ce in an gwada da wannan, amma ita ma hasken da ku ke gani ya baro ta wajen shekara 440 da suka wuce, watau fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804.

A nan Afirka, wurin da ya fara samun shaidar ƙungiyar shi ne NamibRand a ƙasar Namibiya, a 2012. Dā makiyayar tumaki ce a bakin hamada, aka saye ta, aka cire shingaye, aka bar wa namun daji. Baƙi kan zo daga Turai su kwana a fili bisa gado ba rufi. Namun dajin ma suna da rabonsu cikin duhun. Tsuntsaye masu ƙaura da dare fitilun birni kan ruɗe su, su yi ta kewaya har su gaji ko su bugi gini. Ku da kanku kun ga yadda shinge kan taru a fitila da farkon damina. Amma labarin buzuzu ya fi ban mamaki. A 2013 wata masaniya ta ƙasar Suwidin, Marie Dacke, da abokan aikinta suka nuna cewa wani irin buzuzu na Afirka ta Kudu da Majarra ya ke daidaita hanyarsa in yana mirgina kayansa da dare. Da suka sa masa 'yar hula ta rufe masa sama, sai ya yi ta kewaye-kewaye.

To, ina mu ke cikin wannan labari? Taswirar 2016 ta nuna ƙasashen da mutanensu suka fi kowa zama ƙarƙashin sama mai duhu su ne Cadi, da Afirka ta Tsakiya, da Madagaska, fiye da kashi uku cikin huɗu na jama'arsu. Singafo ce ƙarshe, a can ba wanda idonsa kan sami duhun da zai buɗe sosai. Madugan ayarin gishiri da ke ƙetare Tenere daga Abzin zuwa Fashi da Bilma sun daɗe suna bin taurari cikin irin duhun da baƙin Yuta ke biya don su gani. Har wa yau mazauninmu a duniya ya fi nasu kyau ga wannan sha'ani, domin muna kusa da tsakiyarta, muna ganin arewa muna ganin kudu. A Kano tauraron arewa, wanda ba ya gusawa, yana bisa gefen sama da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari. Suhailu, na biyu ga haske cikin taurarin dare duka, muna ganinsa sarai a kudu cikin Fabrairu, mutumin Ingila kuwa ba ya fito masa ko kaɗan. Wurin da Majarra ta fi kauri ya kan hau mana har rabin sama cikin Agusta, su kuwa yana can ƙasa ƙasa cikin hazo.

Amma kada mu yi alfahari da abin da ba mu yi wahalarsa ba. Duhun Cadi da na ƙauyukanmu rashin lantarki ne ya kawo shi, ba dabara ba. Ni ba na cikin masu cewa a zauna a duhu. Ungozoma tana bukatar haske, ɗalibi yana bukata, mai shago yana bukata, wanda kuma ya taɓa taka kunama a tsakar gida ba sai an yi masa wa'azin amfanin fitila ba. Abin da na ke ƙi shi ne ƙwai tsirara a kan sanda, rabin haskensa yana tafiya sama inda ba kowa, sauran yana dukan idon mai wucewa, har ya kasa ganin wanda ke laɓe a bayansa. An biya kuɗin mai ko na batir, an zubar da rabi. Yanzu da fitilun sola su ke shiga ko wane ƙauye, gyaran yana da sauƙi tun ba a yi nisa ba. A sa wa ƙwan hula, ko ta tsohon kwano ce, maƙeri zai yi ta cikin rabin sa'a, bakinta ya sauko ƙasa da ƙwan. A zaɓi mai haske ruwan ɗorawa, gama farin nan mai shuɗi-shuɗi ya fi watsuwa cikin iska. In an kwanta a kashe wadda ba a bukata. Abin da ma'aikatan Natural Bridges suka yi ke nan, ba su zauna ba fitila ba.

Wanda ya ke so ya fita kallo, ya fara duban kwanan wata. Ku kun fi Turawa sauƙi a nan, da ya ke kuna ƙirga shi kullum. Farin wata ya kan shafe ƙananan taurari kamar yadda birni kan yi. Bayan daren sha huɗu wata ya kan yi jinkirin fitowa wajen minti 50 ko wane dare, saboda haka daga ashirin ga wata farkon dare duhu ne, daga ashirin da biyar zuwa uku ga sabon wata kuwa kusan daren duka naku ne. Cikin shekara, kaka ta fi, watau Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Daren damina da aka yi ruwa da la'asar gari ya washe shi ma ba shi da na biyu. Ku fita bayan gari inda ku ka san lafiya lau ne, ku biyu ko uku, da saninsa mai unguwa. Ku ba gari baya. Ku tafi da tabarma da bargo da takalmi rufaffe, ku haska wurin sosai saboda maciji kafin ku shimfiɗa, sa'an nan ku kashe tocila, ko ku ɗaura mata jan ƙyalle ninki biyu. A kwance a ke kallon nan, wanda ya tsaya wuyansa zai gaji kafin idonsa ya buɗe.

In da dattijo a garinku wanda ya san sunayen taurari, ku roƙe shi ya bi ku, ku riƙe fensir da takarda, tun da yanzu hannunku ya iya. Sunayen sun bambanta daga gari zuwa gari, na makiyayi dabam, na malami dabam. Za ku ga waɗansu masu haske ba su ƙyaftawa, irin su Zara da Mushtari, waɗannan duniyoyi ne masu kewaya rana kamar tamu. Wanda kuma ku ka ga yana tafiya sannu a miƙe ba ya tsayawa, wannan tauraron ɗan'adam ne, sun yi yawa ƙwarai tun daga 2019.

Ku riƙe daren 13 da na 14 ga Disamba. Ko wace shekara a kwanakin nan duniya ta kan ratsa ta cikin wata ƙura da ke kewaya rana, sai ku ga kamar taurari suna tsinkewa suna faɗuwa. Ba taurari ba ne, tsakuwoyi ne, yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ba, gudu ne ke sa su ƙone tun suna wajen mil 60 bisa kanmu. In an yi sa'a ba wata ba ƙura, daga tsakar dare zuwa ƙarfe uku mutum ya kan ƙirga fiye da guda ɗaya cikin ko wane minti. Sanyi kan yi tsanani a lokacin, ku ƙara bargo.